Ci-rani Daga Zaure: Gargaɗi Ga Masu Aikin Intanet a Ikara, Maƙarfi da Kudan

Tun zamanin kakanni, idan an gama girbi an kai hatsi rumbu, al'adar samarin ƙasar Zazzau ce su naɗe tabarma su nufi Kano ko Kaduna ko Ikko ci-rani, ba sa komowa sai hadarin fari ya haɗu. To, yau ga wani irin ci-rani ya ɓullo, wanda mutum zai zauna a zauren gidan mahaifinsa a Ikara ko Maƙarfi ko Hunkuyi, ya yi wa wani kamfani na Legas ko na Ingila fassara ko zane ko rubutun manhaja, a aiko masa da ujirarsa ta banki. Tun annobar korona ta 2020 abin ya yawaita a duniya, har Turawa suka riƙa barin biranensu masu tsada suna tarewa a irin su Marakish ta Maroko da Dahab ta Masar, domin albashin da bai isa haya a gida ba yakan ci da mutum har da rara a bakin hamada.

Wannan hikima tana da gurbi a ƙasarmu, gama wanda ya bar ɗaki guda a Abuja ya dawo inda masara da tumatir da rake suke fitowa daga gona, ga dangi kusa, ga Zariya ba nisa, lalle ya rage wa kansa nauyi. Sai dai magabata sun ce araha ba ta ado, kuma wajibi ne mai niyyar ƙaura ya san cewa haya da cefane ba su ne dukan lissafi ba.

Mas'ala ta farko ita ce wuta. Wanda sana'arsa ta rataya a kan kwamfuta, ranar da babu lantarki ranar hasara ce gare shi, kuma ba a manta da watan Oktoba na 2024 ba, sa'ad da lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta ta bar mafi yawan Arewa cikin duhu fiye da mako guda. Janareta kuwa, tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, ya zama abokin da yake cin riba da uwa. Abin da ya fi dacewa shi ne a tanadi farantin sola da batir tun kafin a tare, a sa kuɗinsu cikin jari, gama rana ni'ima ce da Allah bai rage mana ba. Amma a tuna ƙurar hunturu tana rufe farantin sai an riƙa sharewa, zafin bazara kuma yana gajarta ran batir da na kwamfuta, in sun lalace kuwa sai an kai su Zariya ko Kano.

Ta biyu ita ce layin sadarwa, wanda ƙarfinsa yakan bambanta tsakanin unguwa da unguwa, balle ƙauyen da ya yi nisa da titin Zariya zuwa Kano. Kada kowa ya biya haya sai ya zauna cikin ɗakin ya jarraba layi biyu ko uku, da safe da kuma bayan isha'i lokacin da jama'a suka yi yawa a kai. Kuɗin data ma ya tashi bayan da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Bayan wannan akwai abin da ya fi ƙarfin talaka: a ƙarshen Satumban 2021 gwamnati ta katse sadarwa a wasu sassan jihar Kaduna saboda 'yan bindiga, a Maris na 2024 kuma wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma. Mai hankali yakan tanadi wurin da zai fake da aikinsa in irin wannan ta auku, ya kuma sanar da mai aikin tun da wuri, domin alkawari kaya ne.

Ta uku, wadda ta fi sauran haɗari, ita ce damfara. Malamanmu na fiƙihu sun sharɗanta cewa ijara, wato ɗaukar mutum aiki, ba ta inganta sai an san aikin, an san ujira, kuma wannan ma'auni ya isa ya fallasa mafi yawan mayaudara. Duk wanda ya ce sai ka biya kuɗin rajista kafin ya ba ka aiki, ko ya ce ka zuba dubu goma ka riƙa danna hotuna ana ninka maka, ko ya nemi aron lambarka ta NIN ko BVN ko asusunka domin a wuce da wasu kuɗi, to ka guje shi, gama in hukumar EFCC ta biyo sawu, sunanka za ta tarar. Waɗanda harkar ninka kuɗi ta MMM ta cinye a 2016, da waɗanda CBEX ta durƙusar a Afrilun 2025, sun isa wa'azi ga mai lura.

Sa'an nan akwai haƙƙin jiki da na iyali. Najeriya tana gaban gabashin Amurka da awa biyar ko shida, saboda haka mai yi wa mutanen can aiki yakan raba dare, kuma bai kamata neman dala ya sa a yi sakaci da sallar asuba ko zumunci ba. Haka nan ba hikima ba ce a riƙa shelar abin da ake samu a majalisa ko a Facebook, a zamanin da masu garkuwa da mutane suke kasa kunne.

Saboda haka, ya kai ɗan'uwa, ka fara ƙwarewa a sana'a guda, ka sami mai ba ka aiki tabbatacce, ka tanadi guzurin wata uku, ka lissafa sola da data da kuɗin mota zuwa Zariya, sa'an nan ka yanke shawara. In lissafin ya fita da rara, ka dawo gida, ka kuma koya wa ƙannenka abin da ka sani. Allah Ya sa mu dace da halal.