Miliyan guda: adadin da ba ya rabuwa gida uku

A kasuwannin Agye, Gazawa da Gidan Rumji, idan kakar aya da wake ta yi kyau, akan ji adadi ɗaya da sunaye uku. Ma'aikacin gwamnati ya rubuta tamma 1.000.000 ta kuɗin sefa. Ɗan kasuwa ya ce jika dubu. Tsoho mai lissafi da dala, wato tamma biyar, ya ce dala zambar ɗari biyu.

Ƙidayar manyan adadi ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. A watan Janairu na 1851, Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya sauka Tasawa kafin ya bi ta Gazawa zuwa Katsina. A Tasawa ya ga an ƙirga wuri 500.000 da hannu, biyar-biyar, ana tara su tsibi-tsibi na 200 ko na 1.000, mutum biyar ko shida suna taimakawa. A zamanin, keso guda wuri 20.000 yake ɗauka. Ke nan keso 25 suka ƙirga, rabin miliyan daidai.

Abin lura shi ne, duk waɗannan adadi gida ɗaya suka fito. Masana lissafi sukan warware kowane adadi zuwa lambobin asali, waɗanda ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu. In aka warware miliyan, ba a samun kome a ciki sai 2 sau shida da 5 sau shida, an ninka su da juna. Shi ya sa take bin hannun mai ƙirga biyar-biyar ba gardama. Lambobi 49 ne ke raba ta ba tare da saura ba. Adadinsu ya zo mara ne domin miliyan dubu ce sau dubu, ita dubun kuwa ba ta da abokiyar haɗi sai kanta. Idan aka tara masu raba ta, ban da ita kanta, ana samun 1.480.437, sun zarce ta; don haka aka sanya ta cikin ajin adadi masu yalwa.

Amma duk yalwar nan, babu 3 a cikinta, kuma a nan ne rigima takan ɓullo. Ƴan haɗin gwiwa uku da suka ci ribar miliyan, kowa zai ɗauki dala 66.666, dala biyu su yi saura a kan tabarma. Gane wannan ba ya bukatar na'ura: a tara alƙaluman adadin, in jimlarsu ta rabu da uku, shi ma zai rabu. Jimlar alƙaluman miliyan ɗaya ce tak.

Wajen rabon gado abin ya fi nauyi. Tumunin matar mamaci yana fita sarai, tamma 125.000. Sudusin uwa kuwa ba ya fita, haka ma sulusi. Ba banza ba malaman fara'ili suke kafa irin wannan mas'ala a kan 24, ƙaramin adadi amma mai karɓar 3, 6 da 8 baki ɗaya. Mai son miliyan ta rabu kashi 24 da dala cikakku, sai ya ware dala takwas gefe: tamma 999.960 da suka rage za su ba kowane kashi dala 8.333.