Bayani a kan Tsaron Gidan Nukiliya, da Labarin Kayan da Aka Fitar ta Kaduna

Ya ku malamai da attajirai masu karatun wannan shafi, ku sani cewa a farkon watan Disamba na shekarar 2018 wani ayarin motoci ya taso daga Zariya da rakiyar soja, ya nufo filin jirgin sama na Kaduna, wanda ke arewa maso yamma da gari. Ba a yi shela ba, jama'a ba su ji labari ba sai bayan da aka ƙare. Abin da ayarin ya ɗauko nauyinsa kimanin kilo 1 ne, amma tulun ƙarfen da aka rufe shi a ciki domin hawa jirgi ya kai wajen tan 30. Wani ƙaton jirgin dako na Rasha ya tashi da shi zuwa ƙasar Sin. Kayan nan kuwa yuraniyom ne, irin wanda ake haɗa bom da shi.

Fasali na farko: abin da ake tsaro

Yuraniyom ma'adini ne, shi ake haƙa a Arlit ta ƙasar Nijar tun 1971. Yadda yake fitowa daga ƙasa, sashensa mai ƙarfi, wanda masana suke kira 235, bai kai kashi 1 cikin 100 ba, saboda haka sai an tace shi. Tashoshin da ke ba da wutar lantarki suna aiki da wanda aka tace zuwa kashi 3 ko 5. Idan tacewa ta kai kashi 20 an shiga haddin hatsari, idan ta kai kashi 90 kuwa, to, wannan shi ne na makami.

Nijeriya ba ta da tashar lantarki ta nukiliya. A duk Afirka guda ɗaya ce ke aiki, watau Koeberg kusa da birnin Kef a Afirka ta Kudu, sai kuma wadda Masar ta soma ginawa a Daba'a a 2022. Abin da ke ƙasar nan wata 'yar tukunyar bincike ce a Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Mutanen Sin suka ƙera ta, ta soma aiki a watan Fabrairu na 2004 da ƙarfin kilowat 30. Zuciyarta ba ta fi ƙaramin bokiti ba, tana nutse cikin ruwa mai zurfi. Da ita ake gane abin da ke cikin dutse da ƙasar noma da abinci, da ita kuma ake koyar da ɗalibai. Amma abincinta na farko yuraniyom ne mai tacewar kashi 90.

A lissafin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya da ke Viyana, kimanin kilo 25 na irin wannan ake bukata domin bom guda. Kilo 1 ba ya yin bom, amma da yayyafi kogi kan cika. Mugun da ya sami kilo a nan, ya sami kilo a can, wata rana zai cika mudunsa.

Fasali na biyu: ganuwa da ƙofofi

Mai karatu ya san tsarin gidan Bahaushe. Kowa yana tsayawa ƙofar gida, baƙo yana shiga zaure da sallama, shigifa sai wanda aka sani, cikin gida sai na gida, turaka kuwa sai mai gida da wanda ya kira. Haka ake tsara gidan nukiliya, da'ira cikin da'ira. Da'irar waje tana da shinge da mai gadi. Ta tsakiya tana da shinge biyu, tsakaninsu fili fetal, da fitilu da kyamarori da na'urorin da ke yin kuwwa in an taɓa waya. Ta can ciki ita ce ɗakin tukunya da ɗakin sarrafa ta da ma'ajiyar yuraniyom. A kowace ƙofa yawan masu izini yana raguwa. Mutum ya nuna katinsa, ya buga lambar asiri, a wasu wurare ya ɗora yatsa ko tafin hannu, sa'an nan a caje shi a shiga, a caje shi a fita.

Rukunnan tsaron guda 4 ne: tsoratar da ɓarawo, ganin ɓarawo, jinkirta ɓarawo, da kai ɗauki. Hikimar tana cikin lissafin lokaci. Ba a gina katanga da zaton ba za a iya fasa ta ba, ana gina ta ne domin ta cinye wa mai fasawa lokaci. Misali, idan ƙofofi za su tsare shi minti 10 bayan an gan shi, masu ɗauki kuwa sai bayan minti 15 za su iso, to, tsaron nan banza ne, ko da katangar ta fi ganuwar Zazzau kauri.

An ga haka a fili. A watan Nuwamba na 2007 mutum 4 da bindiga suka ƙetare shingen lantarki na Pelindaba a Afirka ta Kudu, inda ake ajiye yuraniyom na makami, suka shiga har ɗakin ba da agajin gaggawa, suka harbi wani ma'aikaci, suka yi wajen minti 45 a ciki, suka fice. Ba su kai ga yuraniyom ba, amma duniya ta girgiza. A watan Yuli na 2012 kuma, a Oak Ridge ta Amurka, wata tsohuwa mai shekara 82 da abokanta 2, masu ƙin makami, suka yanka shinge bayan shinge da almakashin waya har suka isa jikin ma'ajiyar. Bincike ya nuna wasu kyamarori sun daɗe da lalacewa, masu gadi kuma sun saba da kuwwar ƙarya har sun daina firgita. Na'ura ba ta tsaro sai da idon da bai yi barci ba.

Fasali na uku: ɓarawon gida

Da ɗan gari akan ci gari. A watan Disamba na 1982 nakiyoyi 4 suka fashe a Koeberg tun ba a gama ginin ba. Wanda ya dasa su ma'aikacin wurin ne mai katin shiga, yana yi wa ƙungiyar ANC aiki a yaƙinta da mulkin wariyar launi. A 1992 wani ma'aikaci a garin Podolsk na Rasha ya saci yuraniyom na makami kilo 1 da rabi. Kaɗan kaɗan ya riƙa ɗiba, kowane ɗibi bai wuce abin da littafin ma'aikata yake yafewa da sunan zuba ba, ba a kuwa kama shi ba sai bisa tsautsayi a tashar jirgin ƙasa. Duk attajirin da yaron shago ya taɓa yi wa ƙwange a mudu ya san wannan sata.

Maganin da masana suka yi ittifaƙi a kansa shi ne: a bincika halin mutum kafin a ba shi mabuɗi, a riƙa maimaita binciken, kada mutum ɗaya ya shiga ma'ajiya shi kaɗai sai su biyu, kowa yana shaida a kan ɗan'uwansa, a auna kaya a rubuta har giram, sa'an nan masu duba na Hukumar Duniya su zo su liƙa hatiminsu, su gwada littafi da abin da ke ƙasa.

Fasali na huɗu: yadda aka yi a Zariya

Akwai dabarar da ta fi waɗannan duka, ita ce a kawar da abin da ɓarawo yake kwaɗayi. Gana ta riga, ta mayar wa Sin da nata yuraniyom a 2017, a can kuma ma'aikatan Zariya suka koyi aikin. A watan Oktoba na 2018 masana daga Nijeriya da Amurka da Sin da Rasha da Cek suka shirya zare zuciyar tukunya. Sai rikicin Kasuwar Magani ya ɓarke, ya watsu zuwa cikin Kaduna, gwamnati ta sa dokar hana fita dare da rana. Aikin ya jinkirta, sa'an nan aka yi shi da gaggawa. Aka sa sabuwar zuciya mai tacewar kashi 13, wadda ba ta yin bom, tukunya ta koma aiki a watan Nuwamba, tsohuwar kuwa ta bi hanyar Kaduna a Disamba.

Abin da ya biyo baya ya nuna an yi dabara. A watan Agusta na 2021 'yan bindiga suka shiga Makarantar Horar da Hafsoshin Soja da ke Afaka, suka kashe hafsa 2. A watan Maris na 2022 suka kai hari filin jirgin saman nan da kayan ya tashi daga cikinsa. A lokacin babu sauran yuraniyom na makami a ƙasar.

Cikawa

Maganar ba ta ƙare ba. A 2017 Nijeriya ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha a kan gina tashoshi, an kuma ambaci Geregu a jihar Kogi da Itu a jihar Akwa Ibom. Duk ranar da aka aza tubali, tambaya ta farko ita ce wa zai riƙe mabuɗi, wa kuma zai duba mai riƙon.

Akwai kuma abin da ya shafi 'yan kasuwa tun yau. Asibitoci da kamfanonin mai suna aiki da ƙananan gwangwanaye masu tururin nukiliya. A 1987 a garin Goiania na Barazil wasu suka ɗauko irin wannan daga asibitin da aka bari kango, suka sayar wa mai gwangwan, aka fasa, aka yi ta mamakin garin da ke walƙiya a duhu. Mutum 4 suka mutu, aka sami gubar a jikin mutum 249. Saboda haka masu sayen tsohon ƙarfe a Panteka su lura: duk ƙarfen da ya yi nauyi fiye da girmansa, mai alamar ganye 3 kamar fanka bisa rawayan fenti, kada a fasa shi, kada a kai shi gida. A nisance shi, a sanar da 'yan sanda domin su kira Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Nijeriya da ke Abuja.

Haza wassalam.