Hanci Ne Bakanike Na Farko

Daga Wakilinmu na Arewa

Ɗan'uwa mai neman abinci da babur a Ikko ko Badun, saurara. Irin su Bajaj Boxer ba su da lagireto, iska ce ke sanyaya su. In laka ta toshe haƙarƙarin injin, ko ka daɗe cikin cunkoso, sai zafi ya hau.

Ka ji ƙaurin baƙin mai? Yoyo yake yi kan salansa. Ƙaurin roba kuwa, waya ce ke narkewa. In warin fetur ne, duba kafireto tukuna.

Kashe injin ya huce a inuwa. Kada ka kwara masa ruwan sanyi, ƙarfe na iya tsagewa. Injin da ya ƙone, kuɗin aikawa gida ne ya ƙone.