Sana'ar Gudun Mil: Ƙafa, Huhu da Agogo

Ranar 8 ga Fabrairu, 2025, a wani tsohon ginin soja da ake kira Armory a birnin New York, wani saurayi ɗan Ostireliya mai shekara 18, Cameron Myers, ya jera da manyan 'yan gudun duniya a tseren mil ɗaya na gasar Millrose. Na uku ya zo. Yared Nuguse, ɗan Amurka da iyayensa suka fito daga Habasha, shi ya lashe da minti 3 da daƙiƙa 46.63, lokacin da ba a taɓa yin irinsa ba a filin da ke cikin ɗaki. Myers ya iso da 3:47.48. Mako biyu kafin nan, a wannan gini dai, 3:53.12 ya yi, kuma ko da wannan ɗin ya riga ya zarce duk wani ɗan ƙasa da shekara 20 da ya taɓa gudun mil a cikin ɗaki. Kusan daƙiƙa shida ya zaftare cikin kwana goma sha huɗu, kakar wasa kuwa ko nisa ba ta yi ba.

A waya na kalli tseren, amma hankalina Yola ya tafi. Ba ta Adamawa ba, tamu ta ƙasar Ƙaraye da Rogo, inda yaro zai fita aike da hantsi zuwa wani ƙauye ya dawo kafin azahar ba tare da ya ɗauki abin a bakin komai ba. Duk wanda ya taɓa ganin 'yan farauta da rani suna bin karnuka a tsakanin kararen dawa, ko ɗan Fulani yana tare garke kafin ya faɗa gonar rake, ya san akwai ƙafa a wannan ƙasa. Abin da ba mu saba ji ba shi ne a ce gudu sana'a ne, kamar ƙira ko jima, mai maigida da almajiri, da kayan aiki, da lokacin kasuwa, da ladan da ake ci da iyali a cikinsa.

Mil ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Da shi kakanninmu suka auna hanyar mota, har wata unguwa a Kano ta ci sunan Mil Tara. Tsawonsa mita 1,609 da ɗan ɗoriya. A filin waje mai mita 400 zagaye huɗu ne da 'yan taku, a filin cikin ɗaki mai mita 200 kuwa zagaye takwas ne da mita tara. Ƙasashen da dusar ƙanƙara ke rufe wa fili daga Janairu zuwa Maris su suka ƙirƙiro gudun cikin ɗaki. Saboda filin gajere ne, kwanarsa ta fi kaifi, shi ya sa ake ɗaga gefen waje kamar bakin tasa don kada gudun ya watsar da mutum. Babu iska, babu rana, 'yan kallo kuma suna dab da kai. Amma kwana goma sha shida za ka sha kafin ka gama, kuma wanda ya bari aka kulle shi a layin ciki ya shiga uku, don miƙaƙƙen wurin da zai iya wuce na gabansa bai taka kara ya karya ba.

Kwana biyar kacal tarihin Nuguse ya yi. Ranar 13 ga Fabrairu, a garin Liévin na Faransa, Jakob Ingebrigtsen ɗan Norwe ya yi 3:45.14. A raba wannan gida takwas: kowace mita 200 cikin kusan daƙiƙa 28. Saurayi mai jini a jika zai iya yin guda ɗaya haka idan kare ya biyo shi. Sana'ar ita ce a yi takwas a jere ba tare da hutu ba.

Nan ne wuyar aikin take. Mai gudun mita ɗari da ƙarfin tsoka yake aiki, kafin jiki ya farga an gama. Mai gudun yada ƙanin wani kuma da haƙuri da tanadin numfashi. Ɗan mil yana tsakiya, kuma dole ya mallaki duka biyun. Daga zagaye na uku a filin waje, ko na shida a cikin ɗaki, jiki na cin iska fiye da yadda huhu ke iya kawowa, ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata turmi, hannu ya fara sandarewa. A daidai wannan lokaci ake son mutum ya ƙara wuta. Yawancin tsere a nan ake rasa shi, tun kafin a kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Minti huɗun nan da ake gani a talabijin, bayansa akwai watanni na gudun da ba mai kallo. Manyan 'yan mil sukan ci kilomita fiye da ɗari a mako a lokacin shiri, kuma mafi yawansa a hankali ake yi, har mutum na iya hira da abokin gudunsa. Wannan shi ne abin da yaranmu suka fi kasa yarda da shi. A wurinsu atisayen da bai kai mutum ƙasa ba wasa ne. Sau biyu ko uku a mako ake aikin zafi: mita 400 da sauri, a ɗan huta, a sake, har sau goma ko fiye; ko hawan tudu da gudu a sauko da tafiya. Ingebrigtsen da 'yan'uwansa sun yi suna da tsaga ɗan yatsa ko kunne a tsakiyar atisaye, su ɗiga jini a wata 'yar na'ura don su ga ko sun wuce gona da iri. Manufarsu kada su gaji yau gajiyar da za ta hana su aikin gobe. Ga barci, ga abinci, ga kula da ƙashin ƙauri da jijiyar dunduniya, waɗanda su ne suka fi kwantar da 'yan wannan sana'a.

Kayan aikin ba su da yawa: takalmin atisaye, takalmi mai ƙusoshi na ranar tsere, da agogo. Takalman zamani, masu wani irin soso mai tsalle da ƙwarya mai tauri a tafinsu, sun sa lokuta sun faɗo sosai tun daga wajen 2019, kuma kuɗin ƙafa ɗaya ya fi ƙarfin manomin masara. Duk da haka tarihin mil na filin waje na Hicham El Guerrouj ɗan Maroko, 3:43.13, wanda ya yi a Rum ranar 7 ga Yuli, 1999, ya shekara fiye da ashirin da biyar sababbin takalman ba su ture shi ba.

Akwai kuma wani ma'aikaci da ba a cika ambata ba. Turawa na ce masa zomo, ni kuwa zagi nake gani, irin wanda ke gaban dokin sarki. Ana biyansa ne don ya ja tseren da saurin da aka yi yarjejeniya, ya kai rabin hanya ko fiye, sannan ya ratse gefe. Ranar 6 ga Mayu, 1954, da Roger Bannister ya zama mutum na farko da ya yi mil ƙasa da minti huɗu a Oxford, da 3:59.4, abokansa biyu, Chris Brasher da Chris Chataway, su suka yi masa zagi. Akwai kuma waɗanda ba su jiran kowa, irin Filbert Bayi na Tanzaniya, wanda tun daga harbin bindiga yake fita gaba, ya kuma kafa tarihin mil a 1975 da 3:51.0.

To, a ina ake samun abinci? Ƙwararre yana da kwantiragi da kamfanin takalma irin Nike ko Adidas, yana karɓar kuɗin halarta da na nasara, wakilinsa kuma na cire kasonsa. A gasar Olamfik ta Faris a 2024, hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta ba duk wanda ya ci zinare dala 50,000. Waɗannan na can ƙololuwa ne, kuma 'yan kaɗan ne. A Najeriya hanyar da aka fi sani biyu ce. Ko dai mutum ya samu aikin ɗamara, soja ko ɗan sanda ko kwastan, ya riƙa yi musu gudu yana karɓar albashi, kamar yadda Chioma Ajunwa take 'yar sanda lokacin da ta ci zinaren dogon tsalle a Atlanta a 1996. Ko kuma wata jami'a a Amurka ta ɗauki nauyin karatunsa, hanyar da Tobi Amusan ta bi. Jami'ar nan ba ta san Rogo ba, ba ta kuma jin "wallahi yaron nan iska ne". Lamba take nema: mita nawa, minti nawa, a wane fili, wa ya riƙe agogo.

Wannan ne ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ana yawan cewa ƙasarmu ba ta da tudu, kuma gaskiya ne Iten ta Kenya tana kusan mita 2,400 sama da teku, Kano kuwa ba ta kai 500 ba. Shi ya sa 'yan dogon gudun Najeriya suka fi fitowa daga Filato, wajen Jos da Pankshin. Amma Canberra, inda Myers ya tashi, ba wani tsauni ba ne. Abin da ya samu shi ne tsohon koci, Dick Telford, da tseren da ake aunawa tun yana ƙarami. Da ya yi 3:55.44 a Melbourne a Fabrairun 2023 yana ɗan shekara 16, duniya ta yarda nan take, don agogon lantarki ne ya faɗa, kuma takardar haihuwarsa ba a gardama a kanta. Sam Ruthe na New Zealand ma haka, da ya sauka ƙasa da minti huɗu a Maris na 2025 yana ɗan shekara 15. Yaron ƙauye da ba a yi wa rajistar haihuwa ba, ko ya yi irin wannan gudu, sai an sha fama kafin a rubuta masa.

Ba yau sunaye irin namu suka fara fitowa a wannan fage ba. Ado Maude ya wakilci Najeriya a mita 800 a gasar Olamfik ta Seoul a 1988, kuma tarihin ƙasa da ya kafa a 1992 ya shekara fiye da ashirin kafin a karya shi. Abbas Mohammed ya yi gudun yada ƙanin wani a wannan gasa ta Seoul. Tambayi ɗaliban sakandare a Ƙaraye ko sun taɓa jin waɗannan sunaye. Za su lissafo maka 'yan wasan Kano Pillars da na Barcelona kafin ka rufe baki. Ban ga laifinsu ba. Ƙwallo suke gani ana ci da ita.

Ina kuma jin tsoron gaggawa. Yaron da ya yi fice da wuri, kowa na son ya ga ƙarshen ƙarfinsa yau, a yi ta jefa shi tsere kan tsere har ƙashi ya tsage. Lokaci mai kyau a watan Janairu alkawari ne kawai. Sai an ga yadda jikin zai kai Agusta, da yadda zai kai shekara 25. Ga kuma masu kawo gajeriyar hanya. Asbel Kiprop na Kenya, zakaran duniya sau uku a mita 1,500, an dakatar da shi shekara huɗu a 2019 saboda allurar ƙara jini. A wajenmu abin ya fi arha ya kuma fi muni: wani zai miƙa wa yaro ƙwaya ya ce tana kashe gajiya. Maigidan kirki a wannan sana'a shi ne wanda ya iya cewa, "Ya isa haka, ɗana, je ka huta, jibi ma rana ce."

Mu dusar ƙanƙara ba ta kore mu cikin ɗaki ba. Watannin da ake gudu a Armory su ne hunturunmu, an gama girbi, hanyoyin gona sun bushe, asuba na da sanyi, sai dai ƙura da ke sa a jira hazo ya ɗan lafa. Filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata yana da nisa ga yaron Yola, amma filin makarantarsu na nan, kuma kowane tela da kowane magini a garin yana da abin awo. Malamin motsa jiki zai iya auna mita 400, ya zuba toka a kan layi, ya buɗe agogon wayarsa. Ranar gasar gida-gida, maimakon a miƙa wa na ɗaya bokiti da sabulu a watse, sai a buɗe littafi a rubuta sunansa da shekarunsa da ranar da lokacin da ya yi, a ajiye a ofishin shugaban makaranta. Baɗi warhaka a sake auna shi a kan wannan layi, a rubuta sabuwar lamba a ƙarƙashin ta bara.