Sabunta Manhajar Cikin Kyamara

Daga Yamai zuwa Filinge tafiyar kilomita kimanin 180 ce, a bi ta Baleyara da Bonkuku cikin kwarin Dallol Bosso. Ta wannan hanya yawancin na'urori ke shigowa ƙasar Kurfai, har da kyamarorin da masu hoto ke yawo da su gidajen aure da suna, filin Idi da filin kokawa, ko su kafa farin ƙyalle a bango ranar kasuwar Lahadi suna ɗaukar hoton katin shaida. Da yawa daga cikin kyamarorin na hannu ne. Wani ya more ta a Faransa ko Amurka ko Japan, ta bi ta hannun ƴan gwanjo, ta iso nan. Mai saye zai leƙa gilashi, ya duba batir, ya danna ya saurari ƙararta. Ba kasafai yake tambayar manhajar da ke cikinta ba, wadda kamfanoni ke kira firmware, alhali ita ce ke juya komai.

Kyamarar zamani ƙaramar kwamfuta ce mai ido. Haske na ratsa gilashi ya sauka kan wani faranti mai miliyoyin ɗigo, kowane ɗigo launi ɗaya kawai yake gani: ja, ko kore, ko shuɗi. Manhajar ciki ce ke lissafa sauran launukan, ta tantance ko farar rigar ango fara ce da gaske ko hasken ƙwan lantarki ya rina ta, ta umarci injin gilashi ya matsa har fuska ta fito tar, sannan ta matse hoton ta rubuta shi a kan katin memori. Duk wannan kafin ƙiftawar ido. Kyamarar farko irin wannan, wadda Steven Sasson ya haɗa a kamfanin Kodak a 1975, daƙiƙa 23 take ɗauka kafin ta rubuta hoto guda baƙi da fari a kan kaset.

Tunda mutane ne suka rubuta manhajar, ba ta rasa kuskure. Bayan kyamara ta shiga kasuwa, kamfani kan gano inda ya yi tuntuɓe, ya gyara, ya saka sabon zubi a shafinsa na intanet kyauta. Wani lokaci ma yakan ƙara abin da babu shi da farko. Canon EOS 5D Mark II ta fito a 2008 tana ɗaukar bidiyo hoto 30 a daƙiƙa, ba ƙari ba ragi. A watan Maris na 2010 kamfanin ya fitar da zubi na 2.0.3 wanda ya ƙara 24 da 25. Wannan 25 ɗin ya shafe mu kai tsaye. Wutar NIGELEC, kamar ta Najeriya da Turai, tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuwa sau 60. Idan saurin ɗaukar kyamara bai jitu da na wuta ba, bidiyon da aka ɗauka da dare ƙarƙashin wasu fitilu sai ya riƙa walƙiya, ko ka ga layuka na hawa da sauka a fuskar amarya. Mai hoto ya yi ta zargin gilashi, matsalar kuwa ta lissafi ce. A sauran kyamarori ma, wanda ya sayi wadda ta fito daga Amurka ya kamata ya shiga saiti ya maida tsarin bidiyo daga NTSC zuwa PAL tun kafin ya yi tunanin wani sabuntawa.

Akwai kuma ƙarin da ba kowa zai amfana ba. A 2019 Sony ya koya wa a7 III bin idon dabba, amma karnuka da kyanwoyi aka fi yi wa tanadin. Ban ga dalilin da mai ɗaukar shanun Azawak na Tukunus zai ƙona kuɗin data a kan haka ba.

Ke nan tambayar farko ita ce: me sabon zubin ya gyara? Kamfani yakan rubuta wannan a ƙarƙashin kowace lamba. Idan ciwon da ke damun kyamararka na cikin abin da aka ambata, misali tana daskarewa, ko ta ƙi wani gilashi, ko ta ƙi wani kati, to ka sabunta. Idan tana aiki lafiya kuma babu abin da kake buƙata a ciki, bar ta. Ƙurar hunturu da ta kwanta kan farantin haske, ko gilashin da ya karce, babu manhajar da ke maganinsu. Kada kuma a yi gaggawa ranar da sabon zubi ya fito. Shi kansa 2.0.3 ɗin nan, cikin ƴan kwanaki aka gano yana da matsalar sauti, Canon ya maye gurbinsa da 2.0.4.

Batun batir ya fi kowanne muhimmanci a wajenmu, ta fuska biyu. Ta farko, a ƙarshen 2013 Nikon ya sabunta D3100, D3200, D5100 da D5200 domin su yi aiki daidai da sabon batirinsa EN-EL14a. Masu kyamara da dama suka wayi gari batiran da ba na kamfanin ba sun daina aiki. Waɗannan kyamarori kuwa ƙanana ne masu sauƙin kuɗi, irin waɗanda ke yawo a kasuwar kayan hannu, kuma sau tari batirin asali ya daɗe da mutuwa, kwaikwayo ake lallaɓawa da shi. Galibin kyamarori ba sa yarda a koma tsohon zubi. Wanda batirinsa ɗaya ne, kuma bai tabbatar da asalinsa ba, ya yi tunani sosai.

Fuska ta biyu ita ce lokacin aikin kansa. Manhajar tana zaune ne a wani ɗan guntu da aka like a allon cikin kyamara. Yayin sabuntawa ana goge tsohuwa ana rubuta sabuwa, na tsawon mintuna kaɗan. Idan wuta ta yanke a tsakiya, ka zama kamar wanda ya yaye rufin ɗakinsa zai yi sabo, hadari ya taso. Kyamarar na iya ƙin tashi gaba ɗaya, sai dai a kai ta Yamai ko Kano, can ma wataƙila a ce sai an canja allon, kuɗin ya kusa na wata kyamarar. Saboda haka a cika batir taf, a yi aikin da shi, ba da waya jone da bango ba, domin kowa ya san halin wutarmu. Batirin kwaikwayo kan nuna cike yake, ya faɗi farat ɗaya. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, a yi da sassafe cikin inuwa.

Sauran aikin ba shi da wuya. Ka shiga menu, can wajen alamar sifana, ka ga lambar zubin da ke ciki. Ka tabbatar da sunan kyamarar harafi da harafi: abin da ake kira EOS 600D a Turai shi ne Rebel T3i a Amurka, Kiss X5 a Japan, duk abu ɗaya ne, amma 650D wata ce daban. Ka sauko da fayil daga shafin kamfanin kawai, ba wanda wani ya turo ta WhatsApp ba. Na tsofaffin kyamarori bai cika nauyi ba, na sababbi kan kai ɗaruruwan megabait, don haka a nemi lokacin da rezo ke da ƙarfi. Fayil ɗin da ya sauko rabi ba shi da amfani. Idan a ƙunshe ya zo, a warware shi. Na Canon yana ƙarewa da FIR, na Nikon da BIN, na Fujifilm da DAT.

Kafin a taɓa kati, a kwashe hotunan mutane zuwa wani wuri, domin za a wanke shi ne a cikin kyamarar, kuma wanki ba ya barin komai. A yi amfani da katin da aka daɗe ana aiki da shi ba tare da ya taɓa ɓatar da hoto ba. Jabun kati sun yi yawa. A ajiye fayil ɗin a bakin katin, ba cikin jakar DCIM ba. A maida katin, a zaɓi sabuntawa, a ɗora kyamarar kan tebur, a janye hannu. Kada a danna komai, kada a buɗe murfin kati ko na batir, ko da an ga kamar ta tsaya. Wasu tsofaffin Sony ba sa bi ta kati, sai an haɗa su da kwamfuta ta igiyar USB, a nan kuwa kwamfuta mai batirinta ake so.

Idan ta gama, a kashe a kunna, a duba ko lambar ta canja, a duba kwanan wata da sauran saiti, a sake wanke katin, a ɗauki hotuna da ɗan bidiyon gwaji. Duk wannan a yi shi a makon da babu aiki, ba daren da za a wayi gari da ɗaurin aure a garin Abala ba.