Babi na Bakwai: Lafiyar Mai Jinya

A Durba da sauran garuruwan Kibiya da Rano, idan ciwo ya kwantar da mutum, dangi ne ke ɗaukar jinyarsa. Ko an kai shi Babban Asibitin Rano, ko an tura shi Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano a birni, likita zai duba, nas ta ba da magani, amma wanka da juya mara lafiya da zubar da fo da sayo magani duk suna wuyan mai jinya. Da dare ta shimfiɗa tabarma a gefen gado, ta yi matashi da ƙullin kayanta, da an yi tari ta zabura.

Galibi mace ce: mata ko 'ya ko suruka. Da damina maza suna gona, da rani wasu sun tafi ci-rani. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya nuna mata ke yin fiye da kashi 75 cikin 100 na aikin kula da iyali da ba a biya.

Yadda gajiya ke zama ciwo

Jinyar zazzaɓi kwanaki ce. Ta shanyewar ɓarin jiki ko gigin tsufa ko sikila kuwa takan ɗauki shekaru. Wanda ba ya iya motsi sai an juya shi duk bayan awa biyu, don kada fatarsa ta yi gyambo, ke nan mai jinya ba ta samun barci mai nauyi. Rashin barci na tsawon lokaci yana tayar da hawan jini, yana kawo mantuwa da saurin fushi. Ɗaga babban mutum kullum kuma yana lalata baya.

Alamomin da ya kamata a lura da su sun haɗa da rama, da yawan ciwon kai, da kuka ba dalili, da gudun mutane, da tsawa ga mara lafiya sannan a koma ana nadama. Masu dubiya sukan shigo su ce, “Ya mai jiki?” ta amsa, “Da sauƙi,” su ajiye lemo da ayaba su tafi. Da wuya a tambaye ta ko ita ta ci abinci.

Abin da ya kamata a yi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dangi su zauna tun farko su tsara karɓa-karɓa, a san mai kwana da mai wuni da mai kawo abinci. Wanda ke nesa ya ɗauki kuɗin magani. Maza ma su shigo ciki, domin Sayyidina Usmanu bai halarci Yaƙin Badar ba saboda jinyar matarsa Ruƙayya, 'yar Manzon Allah (SAW), aka kuma ba shi rabonsa kamar wanda ya je.

Ita kuma mai jinya ta ci abinci a kan lokaci, kada ta dogara da ragowar kunun mara lafiya. Ta kwanta idan ya yi barci. Wurin ɗaga shi ta lanƙwasa gwiwa, ta kira mai kama mata. Ranar da aka je asibiti ta sa a auna jininta. Idan baƙin ciki da rashin barci suka wuce mako biyu, ta gaya wa ma'aikacin lafiya, domin ciwon damuwa yana da magani, kuma akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Dawanau. Neman hutu ba ya rage ladan jinya, tunda addini ya koyar da cewa jiki yana da haƙƙi a kan mai shi.

Don haka idan ka je dubiya, bayan ka gaida mara lafiya, ka karɓi mai jinya ko na awa biyu ne, ta samu ta yi wanka ta runtsa.