Lakish, Birnin da Ya Tare wa Urushalima Faɗa

Duk wanda ya zauna a ajin Ilimin Addinin Kirista ya san labarin Sarki Hezekiya da Sennakerib, sarkin Assuriya. Mun san yadda aka yi wa Urushalima barazana, da yadda Hezekiya ya kai kukansa Haikali, da yadda rundunar abokan gaba ta watse ba ta shiga birnin ba. Labari ne mai daɗin ji, kuma malamai suna son kawo shi a jarrabawa. Amma akwai wani suna da idonmu yakan tsallake a Littafin Sarakuna na Biyu, sura 18 da 19, ko da yake an ambace shi har sau uku. Sunan kuwa shi ne Lakish. A lokacin da jakadun Assuriya suke tsaye suna cika baki a gindin garun Urushalima, shi Sennakerib ba ya wurin. Yana can Lakish, yana yaƙi na gaske.

Lakish tana wajen kilomita 40 kudu maso yamma da Urushalima, a ƙasar ƙananan tuddai da Ibraniyawa suke kira Shefela. Wannan yanki yana tsakanin filin bakin teku, inda Filistiyawa suka zauna, da duwatsun Yahuza. Rundunar da ta fito daga Masar, ko ta biyo gaɓar teku daga arewa, in tana so ta hau zuwa Hebron da Urushalima, sai ta bi ta kwaruruwan nan. Lakish kuwa ta zauna a bakin ɗaya daga cikinsu kamar mai gadi. Ba mai hankalin da zai hau duwatsu ya bar irin wannan birni a bayansa, don mayaƙansa za su fito su datse masa hanyar abinci.

Garin ya girmi Isra'ilawa nesa ba kusa ba. Tun ƙarni na 14 kafin haihuwar Almasihu sarakunansa na Kan'aniyawa suna aika wa Fir'auna wasiƙu, an kuwa sami waɗansunsu a Amarna ta ƙasar Masar. Littafin Joshuwa sura 10 ya lissafta Yafiya, sarkin Lakish, cikin sarakuna biyar da suka haɗa kai suka tasam ma Gibeyon. Daga baya Littafin Tarihi na Biyu ya sa Lakish cikin biranen da Rehobowam ya ƙarfafa. Can ne kuma Sarki Amaziya ya gudu sa'ad da aka ƙulla masa makirci a Urushalima, aka bi shi har can aka kashe shi. Sarki ba ya gudu zuwa ƙauye. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana matsayin garin, wanda masana suka yarda shi ne na biyu a Yahuza bayan Urushalima.

Yau kufai ne, wani ƙaton tudu da Larabawa suke kira Tell ed-Duweir. Masu tonon kayan tarihi sun daɗe suna aiki a kansa: James Starkey, Baturen Ingila, daga 1932 zuwa 1938, sa'an nan David Ussishkin na Jami'ar Tel Abib daga 1973 zuwa 1994, da waɗansu bayansu. Abin da suka tono ya nuna birni mai garu biyu, ɗaya a tsakiyar gangaren tudun, ɗaya a bisa. Kaurin na bisan ya kai wajen mita 6, na tubali ne a kan harsashin dutse. Ƙofar birnin ma biyu ce, ta waje da ta ciki, da fili a tsakani inda za a iya rutsa wanda ya kutso. A tsakiyar gari akwai fādar hakimi bisa wani dandamali mai tsayi, da babban fili a gabanta. Akwai rijiya mai zurfin fiye da mita 40. Gari ne na soja da ma'aikatan sarki.

Da Sargon na Biyu, sarkin Assuriya, ya mutu a bakin dāga a shekara ta 705 kafin haihuwar Almasihu, ƙananan sarakuna da yawa suka ga dama ta samu, suka daina biyan gandu. Hezekiya yana cikinsu. Bai kuwa yi tawaye da ka ba, sai da ya yi shiri. A Lakish an sami mariƙan manyan tuluna fiye da 400 masu hatimin da ke nuna kayan sarki ne, abin da ake zaton na tanadin mai ne ko ruwan inabi ko hatsi. A shekara ta 701 Sennakerib, ɗan Sargon, ya iso.

A nan ne labarin ya fi daɗin bincike, domin ƙasa ta adana yaƙin kusan yadda aka yi shi. Tudun Lakish yana da kwari kewaye da shi, sai a kusurwar kudu maso yamma inda ya haɗu da wani tudu. Nan Assuriyawa suka zaɓa. Suka yi ta jibga duwatsu, dubban tan, har suka gina gangare da ya kai gindin garu, suka daddaɓe samansa don ƙafafun kekunan fasa garu su iya hawa.  Mutanen gari da suka ga abin da ake yi, sai su ma suka shiga kwasar ƙasa daga cikin birni suna tarawa a bayan garun, daidai wurin, don in an fasa na farko a tarar da wani tudun a gaba. Mu tsaya mu yi tunanin wannan aiki: kwando bayan kwando, dare da rana, kibau suna zuba. A wurin an tsinci ɗaruruwan kawunan kibau, da duwatsun majajjawa, da guntun sarƙar ƙarfe wadda ake zaton da ita suke ƙoƙarin kama bakin gungumen da ke dukan garu. Duk da haka birnin ya faɗi, aka ƙone shi ƙurmus. A cikin waɗansu koguna a gefen tudun, ma'aikatan Starkey sun tarar da ƙasusuwan mutum wajen 1,500 a jibge, masana da yawa kuwa suna danganta su da wannan yaƙi.

Sennakerib ya yi alfahari da nasarar ƙwarai. Ya sa aka sassaƙa ta a kan allunan dutse, aka kewaye ɗaki guda da su a fādarsa ta Nineba. Austen Henry Layard ya tono su a tsakiyar ƙarni na 19, yanzu suna Gidan Tarihi na Birtaniya a Landan. A jikinsu ana ganin kekunan fasa garu suna hawa, mutanen gari suna jefo itatuwa masu cin wuta, wani soja kuma yana zuba ruwa da dogon ludayi don kada kekensa ya kama. Ana ganin mata da yara suna fita da ƙunshin kaya, da amalanken shanu, da waɗanda aka tsire. Sarki yana zaune a kursiyi ana wucewa da ganima a gabansa. A rubutunsa na tarihi ya ce ya ci birane masu garu 46 na Yahuza, ya kuma kulle Hezekiya a Urushalima kamar tsuntsu a keji. Bai ce ya ci ta ba. A ganinmu shi ya sa Lakish ce a bangon ɗakin: abin da hannu ya kama shi ake nunawa. Hezekiya dai ya biya. Can Lakish ya aika da saƙon neman sulhu, aka ɗora masa talanti 300 na azurfa da 30 na zinariya, har ya kankare zinariyar ƙofofin Haikali. Lissafin Assuriyawa ya yarda da zinariya 30, amma ya ce azurfar 800 ce.

To, ina ruwan wannan duka da addini? Annabi Mika mutumin Moreshet ne, wani gari a wannan yanki, ya kuwa san Lakish. A sura ta fari ta littafinsa ya zarge ta da cewa daga gare ta zunubi ya fara shiga Sihiyona, ya kuma haɗa sunanta da dawakan karusa. Waɗansu suna fassara wannan da dogara ga makamai, waɗansu da bautar gumaka. Cikin ganimar da aka sassaƙa a Nineba akwai manyan tasoshin ƙona turare biyu, alamar cewa ana yin sujada a garin. A shekara ta 2016 kuma aka ba da labarin wani ɗan ɗaki a cikin ƙofar birnin, mai bagadai da aka karye wa zankaye, da wani dutse mai rami a tsakiya irin na masai. Waɗanda suka tono shi suna ganin aikin Hezekiya ne na rushe masujadan kan tudu, suna tuna yadda Yehu ya mai da ɗakin Ba'al masai a Samariya. Waɗansu masana ba su yarda da wannan fassara ba, gardama kuwa ba ta ƙare ba. Abin da yake a rubuce shi ne, Rabshake, wanda aka aiko daga Lakish, ya yi amfani da wannan gyara ya tsorata jama'a. Ya ce musu Allahn da Hezekiya ya rushe wa bagadai ba zai cece su ba. Ga wanda ya ji Lakish tana ci da wuta, maganar ba ta wasa ba ce.

Urushalima ta tsira, garuruwan Shefela suka zama toka. Wannan ya ɗaukaka Haikali a idon jama'a fiye da dā, ya kuma share hanya ga Yosiya wanda ya tattara sujada a wuri ɗaya bayan shekara wajen 80. Amma ya haifi wani tunani mai haɗari, wato birnin da Haikali yake ciki ba zai taɓa faɗuwa ba, kome aka aikata a cikinsa. Da wannan tunani Irmiya ya yi ta fama a sura 7 ta littafinsa, har ya kusa rasa ransa.

An sāke gina Lakish, ko da yake ba ta koma kamar dā ba. Da Nebukadnezzar na Babila ya zo a zamanin Zadakiya, Irmiya 34 ya ce birane masu garu biyu kaɗai suka rage wa Yahuza ban da Urushalima, wato Lakish da Azeka. A 1935 Starkey ya sami tsingaro 18 masu rubutun tawada, akasarinsu cikin tokar ɗakin masu gadin ƙofa, aka ƙara samun 3 a 1938. Yawancinsu wasiƙu ne zuwa ga wani shugaban soja mai suna Yawush, ɗaya kuma tana ɗauke da sunan mai aikowa, Hoshaya. Da sunan Yahweh suke gaisuwa. Wata ta ambaci wani jarumi da ya gangara Masar, wata tana ƙorafi a kan maganganun da ke kashe wa mutane jiki, irin zargin da aka yi wa Irmiya a sura 38. A wasiƙa ta huɗu marubucin ya ce suna zuba ido ga wutar alama ta Lakish, gama ba su ganin Azeka. Mai yiwuwa tudu ne ya tare musu gani. Mai yiwuwa kuma Azeka ta riga ta faɗi. Ba a daɗe ba aka ƙone Lakish, ƙofar ta rufta a kan wasiƙun, Urushalima kuma ta bi baya a shekara ta 586.